Rasuwar Dattijo da Kaset ɗin Malama a Cikinsa

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki nake sanar da abokan hulɗar wannan shago, da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa hawo matakalarmu rungume da kwalin tsofaffin kaset, rasuwar injin bidiyonmu wanda aka fi sani da Dattijo. Ya faɗi ranar Talata da hantsi, a kan teburinsa, a bakin aiki. Babu kowa a wurin sai ni.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, mutane ne ke kawo mana kaset ɗin bidiyo da na rediyo da suka daɗe a ajiye, mu juye abin da ke ciki zuwa kwamfuta, mu ba su a filas ɗin kwamfuta ko a waya. Kaset ba ya magana da kwamfuta kai tsaye, sai an sami injin da zai karanta shi tukuna. Wannan shi ne aikin marigayin. Idan kuma na ce "mu", ni da shi nake nufi, domin shagon bai taɓa samun ma'aikaci na uku ba.

Ba a san ranar haihuwarsa ba, takardar da ke manne a bayansa ta goge tun kafin in iya karatu. Abin da aka tabbatar shi ne ya girme ni. Ya yi ƙuruciyarsa a shagon kawuna na hayar kaset. Da kasuwar ta mutu, kawu ya koma sayar da kayan waya, shi kuma ya yi shekaru a ƙarƙashin gado, lulluɓe da tsohon zane. Ni kuma na gama jami'a inda na karanci adana kayan tarihi, na yi ta zuwa neman aiki, da an zaunar da ni an yi mini tambaya sai muryata ta maƙale. Ranar da na dawo daga na ƙarshe, kawu ya jawo shi daga ƙarƙashin gadon, ya kaɗe shi, ya ɗora mini a cinya.

"Ke ba ki iya magana ba, shi kuma ba ya gajiya da ita," in ji shi. "Ku je ku ƙarata."

Marigayin mai haƙuri ne. Duk wanda ya yi hulɗa da shi zai ba da wannan shaida. An sha kawo masa kaset da rana ta lanƙwasa, da wanda yara suka zare suka mayar da biro, da wanda aka ɗaura sau biyu da salatif, ya karɓa bai yi ƙorafi ba. Idan aka miƙa masa kaset ba ya fizga. Yakan ɗan tsaya kamar mai jiran a ce masa bismillah, sannan ya ja shi ciki a hankali: ƙurrr, tas. Daga nan sai wani siririn wuuu ya taso, wanda ni kaɗai nake ji, sai hoto ya bayyana. Idan yana mayar da zare baya yakan yi gudu, fiiii, amma da ya kusa ƙarshe sai ya rage da kansa don kada zaren ya tsinke. Ban taɓa sanin yadda yake gane ƙarshen ya zo ba. A tsawon zamanmu bai taɓa tauna kaset ɗin kowa ba, kuma wannan ne abin da nake faɗa wa mutane idan suka yi jinkirin sakar mini kwalinsu. Kusan shi ne kawai abin da nake iya faɗa ba tare da na sarƙe ba.

Mai riƙon amana ne. Ya ga bukukuwan auren da suka daɗe da mutuwa. Ya ga wanda ya zame ya faɗi a gaban jama'a ranar karɓar digiri, ya ga manyan mutanen unguwar nan suna rawar da yanzu za su rantse ba su taɓa yi ba. Bai taɓa fitar da ko ɗaya ba.

Shi ne kuma bakina. Idan mai kaya ya zo karɓa, ba sai na yi dogon bayani ba, in kunna kawai in koma gefe. Ba na iya kallon mutum ido da ido, don haka a gilashin allon kwamfuta nake kallon fuskokinsu. A nan na ga wani direban babbar mota ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji lokacin da mahaifinsa ya gifta ta bayan hoto ɗauke da kujera, bai ma san ana ɗaukarsa ba. A nan na ga wata mata ta dafa kafaɗar mijinta ta ce, "Kai, Alhaji, dubi wuyana! Ina ka kai mini shi?" Shi kuma ya ce, "Inda kika kai gashin kaina." Irin waɗannan ranaku nakan ji kamar ni ma na yi hira.

Ba za a ce ba shi da nasa hali ba. Rimot ɗinsa ya ɓace tun zamanin kawu. Maɓallin fitar da kaset sai an danna shi da gindin biro. Agogon fuskarsa bai taɓa yarda a saita shi ba, ƙyaftawa kawai yake. Ba ya son a tashe shi a ba shi aiki nan take, sai ya ɗan ɗumama. Duk mun yafe masa.

Ya rasu ya bar ƙaninsa, wanda ake kira Auta, inji mai ƙaramin jiki da gaggawa, wanda ba ya karɓar kaset sai mai cikakkiyar lafiya, kuma ko shi sai hoton ya yi ta karkarwa. Ya bar rediyo mai kaset biyu, wadda ƙofarta ɗaya roba ce ke riƙe da ita. Ya bar kwamfuta, wadda ta kwana biyu tana jiran hoton da ba ya zuwa. Ya bar kanta guda cike da kwalayen mutane, kowanne da sunan mai shi a jiki, yawancinsu irin waɗanda shi kaɗai ne zai iya karantawa. Ya bar ni.

Yanzu sai bayanin jinyarsa. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri da ni a nan, domin wannan sashen ne ya sa na rubuta sauran.

A ƙarshen makon jiya na ji takun mutum biyu a matakala. Da na ɗaga kai sai na ga Malama Babba, shugabar makarantar firamaren da na yi, tare da 'yarta. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Duk wanda ya yi makarantar nan ya san muryar Malama. Ba ta taɓa buƙatar lasifika ba. Idan ta yi magana daga bakin ofishinta, mai sayar da alewa a waje ma gyara tsayuwa yake. Ni kuwa shekaruna na firamare gaba ɗaya na yi su ne ina addu'ar kada muryar nan ta kira sunana.

Ban san an yi mata aiki a maƙogwaro ba. Shekaru ke nan, in ji 'yarta, kuma tun daga ranar muryar ta tafi gaba ɗaya. Tana sanye da ɗan gyale a naɗe a wuya. Tsayuwarta na nan, kallonta na nan. Da hannu take magana, 'yarta na fassarawa.

"Ta ce ta gane ki," in ji 'yar, tana dariya. "Wai ke ce mai zama bayan ƙofa."

Sai ta ciro kaset ɗaya daga jaka. Na ranar raba kyaututtukan makaranta ne, kuma shi kaɗai ne wurin da aka taɓa naɗar muryar Malama. Jikokinta sun zo hutu daga nesa, ranar Lahadi za su koma, dukkansu bayan aikin aka haife su.

"Ƙaramin cewa yake ƙarya muke yi masa, wai Kaka haka aka haife ta," in ji 'yar. "Jawabin ma ba shi da tsawo, kin san Mama ba ta jan zance. Mai ɗaukar kuma duk manyan baƙi ya yi ta bi. Wannan ɗan wurin kawai muke so."

Tun kafin in karɓi kaset ɗin na ji warinsa, irin na tufafin da aka ninke ba su bushe ba. Ta ɗan gilashinsa na ga farar fumfuna a gefen zaren. Na sa yatsa na juya shi kaɗan, sai zaren ya riƙe, sannan ya saki da ɗan ƙara, tsak. A akwatin ƙarfe aka ajiye shi, a ɗakin da ke yoyo.

Na san abin da ake yi wa irin wannan kaset. A kansa na rubuta aikina na gama jami'a. Ana sa shi a akwati mai murfi tare da ƙunshin nan na tsotse danshi, irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi, a bar shi mako biyu ko fiye. Sannan a juya zaren da hannu daga farko zuwa ƙarshe ana sharewa. Ko bayan haka ma, sau da yawa wucewa ɗaya yake yi a cikin inji, domin baƙin abin da ke jikin zaren, wanda shi ne hoton shi ne muryar, yana zubewa yayin da ake karantawa. Duk wannan bayanin yana bakina, a jere, na ma ja numfashi.

Sai Malama ta juya ga kalandar da ke bango, ta ɗora yatsa a kan Asabar, ta ƙwanƙwasa sau biyu. Yatsan nan na san shi.

"To, Malama," na ce.

'Yarta ta dube ni. "Kin tabbata, ƙanwata? In ba zai yiwu ba ki faɗa."

"Zai yiwu," na ce.

Na sa shi a akwatin busarwa, na yi ta leƙawa kamar leƙen zai sa ya yi sauri. Ranar Talata na ga kwanaki na ƙurewa, na gwada shi da yatsa, na ce wa kaina ya yi sauƙi. Na ɗumama Dattijo, na kunna kwamfuta ta fara naɗa, na miƙa masa. Ya daɗe bai karɓa ba, fiye da yadda ya saba. Sannan ya ja. Ƙurrr, tas.

Hoto ya fito. Filin makarantarmu ne, da bishiyar da aka sare daga baya, da yara a jere. Mai ɗauka ya bi manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya. Na lura wani baƙin gari yana taruwa a bakin injin, na san zaren ne ke zubewa, na san kuma babu komawa baya. Sai Malama ta hau dandamali, ta ture lasifikar gefe, ta kalli yara.

"Kowa ya natsu."

Ina zaune ni kaɗai a shagona, da digirina, sai da bayana ya miƙe. Ta ja numfashi za ta ci gaba. A daidai nan wuuu ɗin Dattijo ya koma wani kuka da ban taɓa ji ba, ƙiiii, sannan ƙas, ƙas, ƙas. Hoton ya yage gida biyu. Na fizge wayar wutar injin daga bango. Da na mayar, ba abin da ya motsa. Na danna maɓalli da gindin biro har biron ya karye.

Mai gyara ya zo da rana. Dattijon mutum ne shi ma, shi ke duba marigayin tun a shagon kawu. Ya cire murfi, ya haska ciki, ya yi fito. A cikin injin akwai wani zagayayyen ƙarfe mai sheƙi da ke juyawa yana karanta zare, masu gyara na kiransa hed. Zaren ya manne a jikinsa, shi kuma ya ci gaba da juyawa yana naɗewa, har ya naɗe abin da zai kai tsawon ɗakin nan.

"Ƙanwata, wannan ai ba ciwo ba ne, kokawa ce," in ji shi. "Sun shaƙe juna. Hanya biyu ce. Ko in yanke zaren nan da nan, in ɓamɓare abin da ya naɗe in zubar, in wanke hed, gobe tsohon nan ya tashi ya ci gaba da aiki. Ko kuma in kwance shi gaba ɗaya, in cire hed ɗin da zaren a jiki, mu warware a hankali. Amma in na kwance shi, robobin nan duk sun bushe, karyewa za su yi, kuma ba a yin irinsu yanzu. Kada ki kira ni jibi ki ce in tashe shi."

Na tambaye shi ko zaren zai fito lafiya idan an bi hanya ta biyu. Ya ce shi ba zai yi mini alkawarin abin da ba a hannunsa yake ba.

A nan ya zama dole in gyara wani abu a cikin wannan sanarwa. Dattijo bai gama cikawa ba. Yanzu haka da nake rubutu, ɗan jan hasken da ke fuskarsa yana kunne. Ina sanar da rasuwarsa ne domin na zaɓi hanya ta biyu, na riga na san ranar.

Ban kai ga wannan cikin sauƙi ba. Zaren da ya naɗe daidai yake da tsawon ɗan gajeren jawabi. Wataƙila duk abin da ya rage na muryar Malama a duniya yana naɗe a jikin ƙarfen nan. A ɗaya hannun kuma, Dattijo ne shagon. Da na kai maganar gida, kawu bai ma bari na ƙarasa ba.

"Yanke zaren ki ce kaset ɗin ruɓaɓɓe ne. Ƙarya kika yi? Ai ruɓaɓɓen ne! Za ki kashe abin da ke ciyar da ke saboda jawabin raba kyauta? Wa ma zai sani? Ita da yanzu ko tsawa ba za ta iya yi miki ba."

Bai san cewa wannan na ƙarshen ne ya fi komai ba ni tsoro ba. Da za ta iya yi mini tsawa, da na samu sauƙi.

Mamata ta ce, "Rabu da kawunki. Tashi ki je gidanta ki faɗa mata da bakinki. Cinye ki za ta yi?"

Na je. Na kai har bakin ƙofa, na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, sai na ji ƙarar 'yar ƙararrawa daga ciki, wadda take kiran mutanen gida da ita, na ji gudun yara suna amsawa. Ban san yadda aka yi ba, sai ganina na yi a bakin titi.

Jiya da safe na ɗauki almakashi. Ba zan ɓoye ba. Na buɗe shi, na sa zaren a tsakiya. Allon kwamfutar na gefena, a tsaye a kan hoto na ƙarshe da ta samu: Malama da baki a buɗe, ƙirjinta cike da numfashin da ta ja. Na daɗe a haka. Sai na ji tsoron hannuna zai yanke ba da izinina ba, na janye shi da ɗaya hannun. Almakashin yana gida yanzu, na ba Mama ta ajiye inda ban sani ba.

Ga masu kaya a kan kanta: kaset ɗinku na nan lafiya, ba wanda ya taɓa su. Ba zan sa wa Auta ko ɗaya daga cikin masu rauni ba. Wanda zai iya jira har in sami wani inji, na gode. Wanda yake son nasa ya zo ya karɓa, ba zan ji haushi ba. Ban san yaushe zan samu ba, ban san ko shagon zai kai lokacin ba.

Za a yi jana'izar gobe Juma'a da safe, a nan shagon, kafin rana ta yi zafi. Mai gyara ne zai jagoranta. Za a shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, a kashe fanka, a rufe taga saboda ƙura, don haka masu halarta su zo da shirin gumi. Ana roƙon kada a shafa turare mai ƙarfi, kada a shigo da abin sha, kada kuma kowa ya yi magana yayin da ake warware zaren. Sassan jikinsa da suka rage da lafiya za a ajiye su a aljihun tebur don amfanin Auta. Gangar jikin za a mayar wa kawu, duk da ya ce kada a kawo masa. Maimakon zuwa gaisuwa, duk mai irin wannan inji a ƙarƙashin gado ko a ɗakin ajiya, ko da ba ya motsi, ya turo mini saƙo. Saƙo, don Allah, ban da kira.

Kujera biyu ce a shagon. Ɗaya ta mai gyara ce.

Malama, ranki ya daɗe, na san 'yarki na bin shafin shagon nan, na san kuma za ta miƙa miki wayar. Kaset ɗinki na cikin injin. Ni na sa shi tun bai bushe ba, alhali na san bai kamata ba. Kalma uku na samu, suna nan a ajiye, kuma muryarki ce sak, jikokinki za su iya jin su kafin su tafi. Sauran yana naɗe a jikin ƙarfe, ban san ko zai fito ba. Idan ya fito, sai ya koma akwatin busarwa ya yi iya kwanakin da yake buƙata, ko da kin sake nuna mini kalanda. Ba zai yiwu ranar Asabar ba, Malama.

Ɗaya kujerar taki ce. Zan tsaya a saman matakala in jira ki. Idan kin ga jikina na rawa, ki hawo dai.